Mai Ya Shiga Tsakani

Ranar da Sifis ya aske gemu, uwarsa ba ta ce masa uffan ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta ci gaba da yanka burodinta. Amma duk wanda ya san uwar tasa, Kiriya (wato Uwargida) Argiro, a ƙauyen nan ya san gara ta zage ka da ta yi maka shiru.

Shekara ɗaya da rabi yana ɗauke da gemun nan, tun da matarsa ta rasu wurin haihuwa ta bar masa jaririya. Mu a tsibirin Kirit na ƙasar Girka haka makokin namiji yake, baƙar riga da gemu, har ranar da zuciya ta sauka. To ga shi ya aske, kuma babu wanda bai san don wa ba, tun daga masu sauke buhuna a ma'aikatar matsar zaitun ta gidansu har tsofaffin da ke zaman shan kofi a dandali.

Don Rumyana ne.

'Yar Bulgeriya ce, ɗalibar kimiyyar abinci, jami'arsu ta turo ta koyon aiki na wata shida. Aikinta auna tsamin mai a wani ɗan ɗaki da ke bayan injuna. Farkon zuwanta ta sha wuya, ba laifin kowa ba. An ce mata a zo ƙarfe bakwai, ita kuwa ta ɗauka da gaske ake. Kullum sai ta tarar da ƙofa a kulle, ta zauna ita da kyanwoyi, har Froso mai cika kwalabe ta ɓullo da kofinta a hannu tana hamma.

"Ke 'yar Bulgeriya, zaitun ɗin gudu zai yi ne?"

Sai kuma ranar da ta gaya wa wani dattijo, a gaban manoma cike da tsakar gida, cewa mansa ya yi tsami da yawa. Gaskiya ta faɗa. Mutumin ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwar kowa a gidan. Ana cikin wannan aka zuba mata dodon koɗi a faranti, ta ce ta gode, ba ta ci. Nan ne Froso ta ja ta gefe.

"Zo nan in gaya miki, kada ki kashe mu da kunya. A garin nan ba a cewa a'a. An miƙo miki abu, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya. In ba ki so, ga kyanwa nan ƙarƙashin tebur."

Rumyana yarinya ce mai ɗaukar karatu. Ta koyi makara, ta koyi raɗa wa manomi sakamakonsa a kunne, ta koyi cin dodon koɗi tana murmushi. Ta koyi karɓa.

Yadda ita da Sifis suka fara kuwa, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Shi ke kai mata man da za ta auna, sai ya riƙa mance hanyar fita. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Beba, wato jaririya, don ba a yi mata baftisma ba balle ta sami suna, ta liƙe wa Rumyana kamar cingam. Kafin a gama girbi ya ce yana son ta da aure, ta ce ta yarda, saura a gaya wa uwarsa. Ita kuwa uwar tuni ta yi nata zaɓin: Hariklia, malamar makaranta, 'yar maƙwabcinsu wanda gonarsa ke jingine da tasu. Duk Asabar sai Hariklia ta aiko da gashin cuku gidan, kuma ba don tsohuwar take aikowa ba.

*

Lahadin ƙarshen girbi aka jera tebura a tsakar gida, ma'aikata da dangi da maƙwabta. Ana tsakiyar cin naman akuya Kiriya Argiro ta miƙe da ɗan kofin giyar raki a hannu.

"Kun san jikata har yau ba ta da suna," in ji ta. "Makoki ne ya hana mu. Yanzu kuwa na ga alamar makoki ya ƙare a gidan nan." Ba ta dubi Sifis ba, amma kowa ya dube shi. "Manya da yawa sun nemi in ba su yarinyar nan su shafa mata man baftisma, har da ɗan majalisa. Na hana. Na ce sai wadda yarinyar ta zaɓa da kanta. Rumyana, 'yata, na tambaye ki kwanan baya kin ce cocinmu ɗaya da naku. Ki zama uwar baftismarta. Ki zama kumbararmu."

Cokalin Sifis ya faɗi a faranti.

"Mama, tsaya tukuna…"

"Ina magana da baƙuwata, ɗana."

Rumyana ba ta ko ji shi ba. Wata huɗu matar nan tana kiran ta "ɗalibar nan", yau ga shi ta ce "'yata" a bainar jama'a. Hawaye suka zubo mata. Ta tashi, ta kama hannun tsohuwar da hannu biyu ta sumbata.

"Na karɓa, Kiriya Argiro. Na gode. Na karɓa da zuciya ɗaya."

Tafi ya ɗan makara kafin ya tashi, amma da ya tashi ya yi ƙarfi. Wani kawu ya ciro bindiga ya saki harsashi sama. Hariklia ce ta fara zuwa ta rungume ta, kuma ta daɗe ba ta sake ta ba. Da Rumyana ta waiwaya neman Sifis, kujerarsa babu kowa. Ta ɗauka farin ciki ne ya yi masa yawa.

Wayyo baƙo, ko da idonsa makaho ne.

*

Washegari Froso ta shigo ɗakin awo ta turo ƙofa da ƙafa. Yau babu kofi a hannunta.

"Ke dai Allah ya shirye ki. Me ya kai ki?"

"Me na yi kuma? Ba ke kika ce in an miƙo in karɓa ba?"

"Dodon koɗi na ce, sakarya, ba igiyar rataya ba! Wai ku can ƙasarku ba kwa zuwa coci ne?"

Rumyana ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Kakata ce ta kai ni aka yi mini baftisma ina jaririya. Iyayena ba masu zuwa ba ne. Froso, ki yi mini magana yadda zan gane."

Froso ta ja kujera ta zauna, ta rage murya.

"Wadda ta shafa wa yaro mai a coci ta zama uwarsa a gaban Allah. Ita da uban yaron sun zama 'yan'uwa. Zumuncin mai ya fi na jini ƙarfi, haka muka taso muka ji. Daga ranar nan babu limamin da zai ɗaura miki aure da Sifis, ko a nan ko a babban birni Atina ko a Bulgeriyarku. Ya haramta gare ki har kabari."

Rumyana ta yi dariya, irin wadda mutum ke yi in bai san abin yi ba.

"Wasa kike."

"Na yi kama da mai wasa? Duk teburin nan jiya sun gane, ke kaɗai kike ta kukan murna. Tsohuwar nan ba ta zage ki ba, ba ta kore ki ba, ta ɗora ki a kan kujerar girma ta ɗaure ki a kai. Kai, Argiro! Ni dai ina jin tsoron matar nan."

"To sai in je in ce na fasa."

"Ki fasa? Wayyo Maryamu! Ki miƙa hannu ga marainiya a gaban gari, sannan ki janye? Ko maƙiyi ba ya ƙin shafa wa yaro mai. In kin yi haka, wa zai yarda ki zama matar uban yarinyar da kika guda? Ko burodi ba za a sayar miki ba a garin nan."

Injuna suna ta ruri a bayan bango. Rumyana ta ɗauki kwalbar ta ci gaba da awo, ta yi kuskure ta sake daga farko.

*

Da rana Rumyana ta sami Sifis a gona yana sassabe rassa. Ya gan ta tun daga nesa, ya sauko daga tsani, ya tsaya da zarto a hannu.

"Ka sani," in ji ta. "Jiya ka sani, ka tashi ka bar ni a wurin."

"Rumyana, kafin in buɗe baki kin riga kin sumbaci hannunta."

"Da ka buɗe bakin da ƙarfi! Ga ka ƙato, muryarka har tsallaken kwari ake ji in kana kiran masu buhu. A gaban uwarka kuma sai ta zama ta ɗan tsako?"

Ya sunkuyar da kai. Kuka ya ƙwace mata, ta zauna a kan tulin rassan tana share fuska da bayan hannu.

"Na bar komai na koyi naku. Na ci abin da ba na so, na yi shiru inda ya kamata in yi magana, na yi dariya a kan barkwancin da ban gane ba. Na ce in na yi haƙuri wata rana za ta dube ni ta ga mutum. Jiya da ta ce mini 'yata, Sifis, na kira mahaifiyata a waya ina kuka, na ce mata sun karɓe ni. Yanzu me zan ce mata?"

Ya durƙusa a gabanta, nasa idon ma ya kawo ruwa.

"Ki saurare ni, rabin raina. Kada ki fasa da bakinki. In daga gare ki ya fito, kin ƙone a garin nan, ni ma ba zan iya wanke ki ba. Ki bar shi ya fito daga gare ni. Ni ne uban yarinya, ni ke da iko in ce ga wanda zai shafa mata mai. Zan gaya wa Mama."

"Yaushe?"

"Ki ba ni kwana biyu. Jininta ya hau tun jiya."

"Jininta kullum a sama yake in za ka yi mata magana."

"Na rantse miki da kabarin mahaifina, mai ba zai taɓa jikin Beba daga hannunki ba. Ko a ƙofar coci ne zan tsayar da shi."

Tana son shi, abin da ya cuce ta ke nan. Ta ce to.

Kwana biyu suka zama sati. Yau ya ce kawunsa ya zo, gobe ya ce injin ya lalace, jibi ya ce ya fara yi mata maganar sai ta kama ƙirji. A nan gefe kuwa shiri bai tsaya ba. Froso ta raka Rumyana birnin Retimno suka sayo ɗan gicciyen zinariya da fararen kaya da kyandir, don kumbara ce ke saye. Man da za a shafa, Rumyana da kanta ta auna shi ta zaɓi wanda ya fi kowanne kyau.

*

Ana jibi baftisma Rumyana ta kasa daurewa, ta shiga wurin tsohuwar. Ta same ta a kicin tana goge tawul ɗin jaririya.

"Kiriya Argiro, ina son magana da ke."

"Zauna, kumbara. Kin ci abinci?"

"Kin san ina son ɗanki. Kin san yana so na."

Tsohuwar ta kife dutsen guga, ta ninke tawul ɗin gida huɗu kafin ta amsa.

"Na sani. Ba makauniya ba ce ni."

"To don me kika yi mini haka? Me na tsare miki?"

"Ba ki tsare mini komai ba. Ke yarinyar kirki ce, hannunki da tsabta, ba ki da ƙarya. Da mutuniyar banza ce ke, da tuni na sa an kai ki tashar jirgin ruwa." Ta zauna ta fuskance ta. "Na binne suruka ɗaya, 'yata. Ni na ɗauko jaririyar nan daga asibiti a cikin mayafina. Ke wata shida kika zo yi. Yanzu komai daɗi, rana da teku da saurayi. Bari ki yi hunturu uku a ƙauyen nan, babu mai jin yarenki, uwarki ta kwanta ciwo a can, takardar digirinki tana shan ƙura. Ranar da kika ɗauki akwati, yarinyar nan ta rasa uwa sau biyu."

"Ba zan tafi ba!"

"Duk haka ake cewa. Matar aure tana tafiya. Uwar baftisma ba ta da inda za ta, ko tana bangon duniya tata ce. Kin ce kina son Beba, na ba ki ita ta hanyar da babu mai ƙwace miki."

"Shi kuma fa?"

"Shi ɗana ne." Ta ɗauki dutsen gugar. "In yana da magana, ya san inda kicin yake. Kwana nawa yanzu? Ban ji komai ba."

Rumyana ta fito ba ta ko yi sallama ba. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi ci mata rai, don ta san ba ƙarya ba ce.

*

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Sifis ya matso kusa da Rumyana a bakin ƙofa, fuskarsa kamar wanda ya kwana a gona.

"Ina nan a kan maganata," ya raɗa mata. "Bari a shiga."

Aka miƙa mata Beba. Fada Yerasimos ya juya ta ta fuskanci yamma, ya tambaye ta ko ta rabu da Shaiɗan, ta ce ta rabu, ta hura iska ta yi tofi kamar yadda aka koya mata. Ta karanta shahadar bangaskiya da Girkancinta mai tuntuɓe, tsofaffin mata suna gyaɗa kai. Da ya nemi suna, ta faɗi wanda aka ba ta: Argiro, sunan kaka.

Sifis bai yi motsi ba.

Aka shiga ciki wurin kwamin ruwa. Mata suka tuɓe yarinyar, sanyi ya taɓa ta, ta callara kuka. Fada ya buɗe kwalbar, ya ce Rumyana ta haɗa tafukanta. Ya tsiyaya mata mai har ya cika.

Ta ɗaga kai ta dubi Sifis.

Yana tsaye a ɗaya gefen kwamin, uwarsa a damansa, kawunsa a hagunsa ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Leɓensa ya motsa. Sai ya mayar da idonsa kan takalminsa.

"'Yata," in ji Fada a hankali, "man yana zuba."

Yana zuba kuwa, ta tsakanin yatsunta, yana bin hannunta har gwiwa. Tana iya buɗe hannun ta fita. Ƙofa a buɗe take, babu wanda zai riƙe ta. Amma ga yarinya tsirara tana karkarwa a hannun limami, ta shiɗe don kuka, ta ture kowa tana miƙo hannu wurin mutum ɗaya.

"Yana! Yana!"

Haka take kiran ta, ba ta iya faɗin sunan duka ba.

Rumyana ta matsa. Ta shafa mata a kai, ta shafa a ƙirji da baya, ta bi hammata da tsakanin yatsun ƙafa. Mata suna ta yi mata raɗa daga baya, kada ta bar ko bayan kunne, don inda mai bai taɓa ba nan ciwo ke shiga. Ba ta bar ko'ina ba. Aikinta dama ba ta yin sa rabi. Fada ya tsoma yarinyar a ruwa, ya ɗago ta, coci ya ɗauki addu'a.

Da aka gama, aka sa wa yarinya fararen kaya, sai uba ya zo karɓar 'yarsa daga hannun kumbara kamar yadda aka saba. Sifis ya tako. Ya rusuna, ya kama hannunta mai maiƙo ya kai bakinsa. Wannan ne karo na farko da ya taɓa ta a gaban mutane.

"Allah ya raya miki ita, kumbara."

"Ya raya mana," ta amsa. Muryarta ba ta ko girgiza ba, har Froso ta yi mamaki.

*

A wurin walima aka zaunar da Rumyana a bakin tebur, can sama inda manya ke zama. Duk wanda ya wuce sai ya cika mata kofi. Dattijon nan da ta taɓa kunyatawa ya zo da kansa ya sumbaci goshinta ya ce yanzu ta zama tasu. Masu goge suka kama kiɗa, bindigogi suna tashi a bayan gida. Ita dai tana zaune da yarinyar a cinya tana barci, tana jin kanta kamar ba a wurin take ba.

Can sai Kiriya Argiro ta buga cokali a jikin kofi. Ta miƙe, ta kamo hannun Hariklia ta tsayar da ita kusa da ita.

"Jama'a, alheri ba ya zuwa shi kaɗai. Jikata ta sami suna, yanzu saura ta sami mai yi mata kitso. Mun yi magana da mahaifin Hariklia, an gama. Bayan bikin Ista za a ɗaura mata aure da ɗana." Guɗa ta tashi, ta ɗaga hannu aka saurara. "Kuma ba mu da wata kumbara a gidan nan sai guda ɗaya. Hannun da ya shafa wa 'yar mai, shi zai ɗora wa uban kambin aure a coci, shi da amaryarsa, kamar yadda aka saba. Rumyana, 'yata, ko kin koma ƙasarku, ni zan aiko a ɗauko ki. Ku ɗaga kofi don kumbararmu!"

Kujeru suka yi ƙara, kowa ya miƙe. Rumyana ba ta iya tashi ba saboda yarinyar da ke cinyarta. Ta bi fuskokin da ido ɗaya bayan ɗaya, tana neman Sifis, har ta same shi can ƙarshen tebur.

Kofinsa yana sama tare da na kowa.